Ƙuri'a a Gwangwanin Taba

Shekara goma sha tara na yi ina dafa wa masu askin tumaki abinci, daga wannan gidan kiwo, wanda muke ce wa garke, zuwa wancan a yammacin garin Bourke, kuma in za a mayar da ni yau ba zan ce a'a ba. Ina kewar ƙarar injin aski da ke tashi bakwai da rabi na safe, da warin maiƙon ulu da ke bin mutum har cikin bargo, da tsuntsayen aku da ke cika itatuwan turare da surutu tun gari bai gama wayewa ba. Har ƙudajen ma wani lokaci ina kewarsu, abin da ban taɓa zaton bakina zai faɗa ba. Sunana Dulcie, amma a rumfar aski ba mai kirana haka. Iya suke ce min, alhali rabinsu sun girme ni.

Masu askinmu bakwai ne, kuma gwaninsu Clarrie Hoolihan. Dogo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda shekara talatin yana sunkuye a kan tumaki. In ya kama tunkiya sai ta kwanta masa lamo, kafin ka sha rabin kofin shayi ta fita tsirara tana mamakin abin da ya same ta. Ba ya zagin dabba, ba ya raina girki. Shi kaɗai ne a cikinsu yake kawo min farantinsa har bakin kwano ya ce an gode, kuma ba zan ɓoye ba, nasa haƙarƙarin ragon ya fi na kowa tsoka.

Matsalarsa guda ce, ita ma ba kullum ba. Al'ada ce ranar da aka aske tunkiyar ƙarshe mai garke ya kawo gangar giya a rumfa, a sha a wanke gajiya. Ranar nan Clarrie ya fi kowa daɗin zama. Zai yi waƙa, ya kwaikwayi tafiyar mai garke, ya ɗauki tsintsiya ya yi rawa da ita har a riƙe ciki. Washegari kuwa sai ka rantse musanya shi aka yi. Sauran sukan tashi da ciwon kai da tsamin baki, shi da baƙin rai yake tashi. Zai zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa, ya tuno duk wata magana da ya yi jiya ya ce ya zubar da mutuncinsa, kowa dariya yake masa a ɓoye, bai tsinana wa kowa komai ba a duniya. A irin wannan safiya ya taɓa kyautar da karensa, wai bai cancanci karen ba. Sai da na bi mutumin da ya ba wa har bakin hanya na karɓo shi.

Ni ban yi karatun likita ba, amma na ga wannan abu fiye da sau ɗari. Dariyar da giya ke ba mutum ba daga kwalba take fitowa ba, ta gobensa ce take ɗebo masa tun yau. Kamar rijiya ce da aka kwashe ta tas, sai an bar ta ta huta ruwa ya sake taruwa. Ta Clarrie ba ta taruwa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma. Lokacin zai shigo kicin yana sosa ƙeya ya ce, "Iya, akwai sauran burodi?" Daga nan an wuce wurin. Abin da na koya shi ne, kafin ƙarfe huɗu kada a bar shi ya yanke shawarar ko da cin abinci ce.

A shekarar 1964 muna aiki a wani garke da ake kira Kooralee, wasiƙa ta zo masa daga 'yarsa Glenys. Uwarta ta rasu tana da shekara huɗu, ƙanwar uwar ce ta riƙe ta a Dubbo. Sau biyu yarinyar nan ta kira shi ga wani abin farin cikinta, ranar gama makaranta da ranar da ta cika ashirin da ɗaya, sau biyun duk suka faɗo washegarin gama aski, bai je ba. Yanzu aure za ta yi da ɗan wani mai kantin magani, ranar Asabar da sha ɗaya na safe. Tana so ya riƙe hannunta daga ƙofar coci zuwa gaban limami, kamar yadda kowane uba yake yi. Ya ba ni wasiƙar na karanta, layin ƙarshe ne ya tsaya min a rai. "Baba, sau biyu na ba da uzurinka a gaban mutane. Ba ni da na uku."

Ya aika aka sayo masa kwat da wando ruwan toka. A ɗakin ajiyata na rataye su saboda ɓeraye, na lulluɓe da zanen gado. Kullum da rana sai ya leƙo, wai gishiri ya zo nema.

Lissafin ya fita daidai. Za a gama aski ranar Talata, a sha giya, ya yi baƙin ransa ranar Laraba ya gama. Ranar Juma'a da tara na safe motar wasiƙu za ta ɗauke shi zuwa Bourke, ya kama jirgin ƙasa. Sai ruwan sama ya sauko ranar Litinin.

Jiƙaƙƙiyar tunkiya ba a aske ta, ulun kan ruɓe, mai askin kuma ya kwashi maruru da ciwon gaɓoɓi. Amma ba mai garke ke cewa ta jiƙe ko ta bushe ba, ƙuri'a ake yi. Kowa ya aske biyu ya ji a jikinsa, sannan Merv Tuckey, wakilin ƙungiyar masu aski, ya yayyaga takarda ya raba. Kowa ya juya baya ya yi alamarsa, ya jefa a gwangwanin tabar Merv. Abin da ya fi yawa shi ne doka. Ko kai kaɗai ka ga tumakin a bushe, ka ajiye inji ka bi jama'a, wanda ya karya ƙuri'a kuwa har ya mutu ba mai zama kusa da shi a tebur. Clarrie na alfahari da cewa shekara talatin bai taɓa karya ko ɗaya ba. Kwana biyu a jere gwangwanin nan ya ce a jiƙe suke, aka zauna ana karta. Ba a aske tunkiyar ƙarshe ba sai ranar Alhamis da azahar.

Da aka mirgino gangar na ja shi gefe.

"Clarrie, gobe fa Juma'a."

"Na sani, Iya. Kofi ɗaya, don kar a ce na yi girman kai."

"Kofi ɗayanku na san girmansa."

Na yarda da gaske yake. Abin da ban sani ba, mazan nan shida kowannensu ya ɓoye kwalbar barasa tun daga gari, musamman don auren Glenys. A wurinsu babu wata hanyar nuna ƙauna da ta wuce wannan. Wal Pendergast, gajere mai bakin tsiya, shi ya fara tsiyaya masa.

"Uban amarya, karɓi nan. Wannan ta 'yarka ce, ba taka ba."

"Wal, ka bar shi," na ce daga bakin ƙofa.

"Iya, koma wajen tukunyarki. Yarinyar da ta tsira daga kamannin wannan fuskar, ai ta cancanci a sha mata."

Aka kwashe da dariya, Clarrie ya karɓa. To wanda ya karɓi na Wal ta yaya zai ƙi na Merv? Ture kofin abokin aiki zagi ne, gara ka mare shi. Haka suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, shi ma dole ya rama wa kowa. Kafin rana ta faɗi ya sa Wal ya yafa buhun ulu a ka ya zama amarya, ya riƙo hannunsa suna takawa a tsakiyar rumfa a hankali, sauran na busa da baki. Ni ma na yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na yammacin nan ba, kuma ina dariyar ina jin tsoro.

Da safe na soya ƙwai da nama, na goge kwat ɗin, na shimfiɗa shi a kan tebur. Mazan suka shigo ɗai-ɗai kamar masu zaman makoki, ba mai kallon wani. Babu Clarrie. Na same shi a bakin gadonsa da singileti, yana kallon hannuwansa.

"Tashi ka aske gemu, takwas ta wuce."

"Ba za ni ba, Iya."

"Ban ji ba."

"Dubi hannun nan. Duk tsaga, maiƙo ya shige har ƙarƙashin farce. Da shi zan riƙe farar riga? Mutanen can masu kantin magani ne. Zan buɗe baki in yi ɓaranɓarama, ta ji kunya a gaban surukanta har ta mutu. Kin ga abin da na yi jiya, ƙato da ni ina rawa da buhu."

"Jiya kowa ya ji daɗi."

"Dariya suke min. Mijin innarta shi ya riƙe ta, shi ya san ciwonta da lafiyarta. Shi ya kamata ya kai ta. Mafi alherin da zan yi wa yarinyar nan shi ne kar ta gan ni."

"Ba kai ke magana ba, barasar Wal ce. Ƙarfe huɗu za ka ji kunyar wannan zancen."

"Yau ne ma nake ganin gaskiya."

Haka yake cewa kowane lokaci. Muna cikin haka motar wasiƙu ta iso, laka har rufinta. Norm direba ko inji bai kashe ba.

"Iya, in da fasinja ya fito. Rafin Kooralee na tasowa, ruwan arewa ne ke gangarowa. Ni ne na ƙarshen ƙetarewa, bayana sai an kwana uku ko huɗu. Minti goma zan ba ku, shi ma don shayinki."

A nan ne wayona ya ci ni. Ina da baki, kowa ya sani, na taɓa korar mai garke daga kicin da ludayi. Amma ina tsoron in matsa wa Clarrie ya ƙi ni a gaban mutane, kuma ina jin ba ni da hurumin ba shi umarni, ni ba matarsa ba, ba 'yar'uwarsa ba. Sai na tuna da gwangwanin Merv. Mutum shida da suka sha wa yarinyar nan jiya, shida da ɗaya za a tashi, kuma ba zai karya ƙuri'a ba ko za a yanka shi. Har wani daɗi na ji na irin basirata.

Na janyo shi zuwa ɗakin cin abinci na ce, "Merv, fito da gwangwani. Clarrie ya ce ba za shi ba, ni na ce za shi. A yi ƙuri'a."

Merv ya ɗago jajayen idanu. "Iya, wannan ba maganar tumaki ba ce."

"Maganar ɗan ƙungiya ce. Ko tsoro kake ji?"

Ya juya wajen Clarrie. "Ka yarda da abin da ya fito, mutumina?"

Clarrie ya daɗe yana kallon kwat ɗin da ke kan tebur, sannan ya gyaɗa kai.

"To. Zobe, ya tafi. Gicciye, ya zauna. Iya ba ta da ƙuri'a, kamar kullum."

Aka yayyaga bayan wata tsohuwar kalanda, fensir ɗaya ya zagaya. Kowa ya juya baya ya yi alamarsa. Ni har na fara naɗe kwat ɗin a takarda, ina jin Norm na danna ham ɗin mota a waje. Merv ya zazzage gwangwanin a kan tebur yana buɗewa ɗaya-ɗaya. Zobe. Gicciye, na ce wannan na Clarrie ne. Zobe. Gicciye. Hannuna ya tsaya. Gicciye. Zobe. Ya daɗe kafin ya buɗe ta ƙarshe, da ya buɗe sai ya ajiye ta kusa da 'yan'uwanta.

"Huɗu da uku," ya ce. "Ya zauna."

Na manta abu ɗaya, kuma ni ce ya fi kamata in tuna da shi. Ba Clarrie kaɗai ya sha ba. Jirgi ɗaya ya kwaso su, su bakwai ɗin, bambancin kawai shi yana faɗin nasa, su suna haɗiye nasu da baƙin shayi. Shekara da shekaru ina ɗauka ciwon kai ne ke sa su shiru.

"A sake," na ce. "Wannan ba ƙuri'a ba ce, taron marasa lafiya ne."

"Ba a sakewa, Iya, kin sani," Merv ya ce, bai kalle ni ba.

"Clarrie, bar su da takardunsu. Ga mota can."

"Na ba da kalmata kafin a jefa," ya ce a hankali. "Ke kika kira ta."

Ya tashi ya koma ɗakinsa. Na fita na tsaya gaban motar ina roƙon Norm ya ƙara minti biyar, ya ƙara, ya sake ƙara biyar, sannan ya ce in yi haƙuri akwai wasiƙun garke tara a bayansa. Ina tsaye har ƙarar motar ta ɓace. Garin neman gira na rasa ido, ba kuma wanda zan ɗora wa.

Ranar ban dafa abincin rana ba. Na ajiye burodi da wuƙa a kan tebur, mai jin yunwa ya yanka. Wajen ƙarfe uku suka fara sulalowa kicin, kowa ya tabbatar ba wani a ciki kafin ya shigo. Wal ne na farko, yana murza hularsa.

"Iya, gicciye ɗaya ni na yi shi."

"Kai da ka zama amarya jiya?"

"Na tashi da safe na tuna auren ƙanwata a garin Orange. Na je da takalmin aiki, matan nan suna kallon ƙafata suna taɓa juna. Sai na ga kamar rufa masa asiri zan yi. Na ɗauka ni kaɗai zan yi gicciye, ba zai canza komai ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Yanzu kuma ban ma gane me ya shiga kaina ba."

"Na san abin da ya shiga kanka, kai ka sayo shi a kwalba. Fita min."

Bayansa Merv ya zo. Shi ɗansa ne ba ya masa magana, da safen nan ya ga duk uba irinsu kaya ne a wuyan 'ya'yansa. Sai wani mai suna Lofty, wanda bai iya ma bayani ba, ya tsaya kawai ya ce duniyar ce ya gani baƙi ƙirin, ya ga ba amfanin kowa ya je ko'ina. Su ukun suka ɗauki igiya suka tafi duba rafi, ko za a iya ƙetarar da mutum a kan doki. Suka dawo a jiƙe har ƙugu. Ruwan ya shafe gadar da mota ke bi, faɗinsa ya fi rumfar aski sau uku, yana tafe da itatuwa. Da na sani ƙeya ce, a ranar na ga ƙarti uku suna waiwayarta.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na ji takunsa. Ya aske gemu, har reza ta yanke shi a haɓa. Ya goge hannuwansa da buroshi da sabulun wanki har sun yi ja. Bai tambayi burodi ba. Ya tsaya yana kallon kwat ɗin, wanda har lokacin yana kan tebur rabi a naɗe.

"Rafin fa?" ya ce.

"Ya rufe."

Ya gyaɗa kai, ya ja benci ya zauna. Idanunsa sun dawo nasa, wannan ya fi komai yi min ciwo. Da safe mutumin da ya ƙi tafiya baƙo ne, zan iya faɗa da shi. Wannan kuwa Clarrie ne, ya san ƙarfe nawa jirgin ke tashi daga Bourke, ya san wa zai tsaya a ƙofar coci gobe yana duban hanya.

Na zuba masa shayi, na zuba sukari uku kamar yadda yake so. Bakina ya ƙi yin shiru.

"Na san su duka. Wal, da Merv, da Lofty, sun zo da ƙafarsu sun faɗa. Da naka, huɗu ke nan. In ka ga na sake soya musu ƙwai, ka canza min suna."

Ya juya cokali a cikin kofin.

"Bar su, ba su yi don mugunta ba," ya ce. "Amma lissafinki bai cika ba. Nawa zobe ne."

Na ajiye butar shayin na zauna.

"Bakina ne ya kasa cewa zan je. Ina zaune a bakin gadon nan ina jira wani ya fi ƙarfina." Ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba. "Dulcie, me ya kai ki tambayarsu? Da kin miƙo min rigar kin ce in sa, da na sa."